Kun Tambaya: Waƙar Beatles da aka haɗa da fensir da reza

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan waƙa guda, "Tomorrow Never Knows" ta ƙungiyar Beatles ta Ingila, wadda ke ƙarshen faifansu Revolver na 1966. Tsawonta bai cika minti uku ba. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun kuma rage tsawon wasu.

Assalamu alaikum. Na ci karo da wannan waƙa a YouTube, na saurare ta sau uku ban gane gabanta ba balle bayanta. Turancin ba mai wuya ba ne, amma me mawaƙin yake nufi? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Ba laifin Turancinka ba ne. Waƙar ba ta da labari, ba saurayi ba budurwa, ba ta ma da amshi. Umarni ne tsagwaronsa daga farko har ƙarshe, irin na mai yi wa wani jagora a cikin duhu. Tana farawa da cewa ka kashe tunani, ka saki jiki, ka bar ruwa ya tafi da kai, sannan ta kwantar maka da hankali cewa abin da kake ji ba mutuwa ba ce. Sauran baitocin duk a kan wannan suke hawa: ka ajiye tunani, ka miƙa wuya ga sararin da babu komai a cikinsa, a can za ka ga abin da ke ciki.

John Lennon ne ya rubuta ta, kuma layin farkon kusan ɗauko shi ya yi daga wani littafi na 1964 mai suna The Psychedelic Experience, wanda Timothy Leary da Ralph Metzner da Richard Alpert suka wallafa. Leary da Alpert malaman nazarin halayyar ɗan Adam ne a Jami'ar Harvard, suka rasa aikinsu a 1963 bayan rigimar da ta taso kan gwajin ƙwayoyin juya hankali. Littafin nasu jagora ne ga mai shan ƙwayar LSD, don kada ya firgita in ya ji kamar kansa yana narkewa. Su ma ba su ƙirƙiro tsarin ba. Sun kwaikwayi wani tsohon littafin mabiya addinin Buda na Tibet, Bardo Thodol, wanda aka fara fitarwa da Turanci a 1927. Shi ana karanta shi ne a kan mai gargara ko mamaci, domin a aƙidarsu rai yana yin har kwana 49 tsakanin mutuwa da sake haihuwa, yana ganin haske da siffofi masu ban tsoro, ana gaya masa kada ya gudu, daga zuciyarsa suke fitowa. Leary ya ɗauki wannan ya ce mutuwar ba ta jiki ba ce, ta "ni" ce, wato jin kai da ganin kai.

Saboda haka abin ya bi hannu uku kafin ya iso kunnenka: malaman Tibet, sai malaman Amurka masu gwajin ƙwaya, sai saurayi ɗan shekara 25 daga Liverpool da ya sayi littafin a kantin Indica da ke Landan. A kowane hannu ma'anar ta ɗan zube.

Wasu masu karatu kan so su kwatanta wannan da barzahu, ko da fana'i da sufaye ke magana a kai. Mu dai ba ma ba da wannan shawarar. Kamannin a baki ne kawai. Wanda ya yi fana'i a wurin sufaye ya san wurin Wanda ya nufa, waƙar kuwa sarari kawai ta ambata. George Harrison, abokin Lennon a ƙungiyar, ya ce daga baya waƙar bayani ce a kan nutsuwa da kau da tunani irin na Indiyawa, ya kuma yi shakkar ko Lennon kansa ya fahimci abin da yake faɗa a lokacin. Shi ma Lennon, a hirarsa da mujallar Rolling Stone a 1970, ya kushe littafin Leary, ya ce bin maganar rusa "ni" ɗin ya rusa shi ne kawai, sai da ya daɗe kafin ya sake yarda cewa ya iya wani abu.

Me ya sa sunan waƙar bai fito ko sau ɗaya a cikinta ba? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Domin liƙa shi aka yi daga baya, Malama. A takardun sitidiyo "Mark I" aka rubuta. Sunan da ta fita da shi wata karkatacciyar magana ce ta Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, wanda aka sani da suɓutar baki mai daɗi. Ma'anarsa kusan "gobe ma ba ta san kanta ba". Lennon ya ce ya zaɓe shi ne don ya rage nauyin falsafar da ke cikin baitocin.

Akwai wasu ƙararraki a cikin waƙar kamar kukan tsuntsaye, wasu kamar aljanu na wucewa da gudu. An ce a 1966 babu kwamfuta a sitidiyo. To da me aka yi su? (Wani mai gyaran rediyo daga Gusau)

Maigida, kai ne za ka fi kowa ganewa, domin da tef aka yi su, irin na manyan rikoda masu faifai biyu a buɗe.

Ka san kowace rikoda tana da kai mai gogewa a gaban kai mai ɗauka. Tef yana fara wucewa ta mai gogewa, a share abin da ke kansa, sannan a naɗi sabo. Paul McCartney ya cire kan gogewar a rikodarsa ta gida. Sai ya yanki guntun tef, ya haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, ya saka. Duk zagayen da zoben ya yi, sabon sauti yana hawa kan tsoho ba tare da an share komai ba, har sautin ya cushe ya rikiɗe. Ya kawo irin waɗannan zobba cikin leda, aka saurara a gudu daban-daban, wani gaba wani baya, aka zaɓi biyar. Wanda kake ji kamar tsuntsayen teku, ko shirwa a sama, dariyar McCartney ce aka ƙara wa gudu. Akwai na amon taron makaɗa da aka kwaso, akwai biyu na Mellotron (wani kayan kiɗa mai kama da fiyano wanda shi kansa tef ne a ƙarƙashin kowane maɓalli), akwai kuma mai kama da sitar ta Indiya tana hawa da sauri.

Lissafin gudun mai sauƙi ne. Injin sitidiyo yana jan inci 15 a daƙiƙa, kusan santimita 38. Na gida yakan ja rabin haka ko kwata. In ka naɗi abu a inci bakwai da rabi ka kunna shi a 15, tsawonsa ya ragu da rabi, muryar kuma ta haura cikakken mataki takwas. Babban mutum ya koma tsuntsu ke nan.

Ranar 7 ga Afrilu, 1966 aka zuba su a waƙar, kuma yadda aka yi shi ne abin kallo. Kowane zobe yana buƙatar injinsa, injinan kuma suna ɗakuna daban-daban a ginin EMI da ke Abbey Road. Zobe ba ya kan faifai balle faifan ya ja shi ya miƙe, don haka sai a zura fensir a cikinsa, mutum ya tsaya ya riƙe, ya ɗan ja. In ya sassauta, tef ya saki kai sauti ya ɓace. In ya ja da yawa, gudu ya ragu murya ta yi ƙasa, ko mahaɗin ya tsinke. Ma'aikata sanye da fararen rigunan aiki suna tsaye da fensira a hannu, wayoyi sun taho daga kowane ɗaki zuwa teburin haɗa sauti, zobba biyar suna ta juyawa ba tsayawa. A teburin kuma ana tura maɓallan ƙara sama da ƙasa yayin da waƙar ke tafiya, kamar ana kaɗa molo. Duk abin da ya faɗo a daidai lokacin da aka ɗaga maɓalli, shi ya shiga. Shi ya sa George Martin, furodusansu, ya ce ba za a taɓa iya maimaita wannan haɗin ba.

Tef ɗin da ake tara waƙar a kai layi huɗu kawai gare shi. Ganga da jitar bes suka tafi layi guda, zobban duka suka tafi wani. Da zarar an naɗa, ba sauran cewa a rage wannan a bar wancan.

Dabarar ba Beatles suka ƙago ta ba. Pierre Schaeffer yana irin wannan a gidan rediyon Faransa tun 1948, Karlheinz Stockhausen na Jamus ya biyo baya, kuma shi McCartney yake saurare a lokacin. Kafin su duka, Halim El-Dabh ya sarrafa sautin wani bikin zar da rikodar waya a Alƙahira a 1944. Sai dai waɗancan ayyuka na 'yan tsirarun masana ne. Beatles suka sa abin a faifan da 'yan makaranta ke layin saye.

Gangar ma da hannu aka gyara ta. Geoff Emerick, matashin da ranar 6 ga Afrilu ce ta farko da aka ba shi kujerar babban injiniyansu, ya cusa rigar sanyi ta ulu a cikin babbar gangar ƙafa don ta daina gunji, ya matso da makirufo kusa da fata fiye da yadda dokar kamfanin ta yarda, sannan ya bi da sautin ta cikin na'urar Fairchild mai danne ƙara. An sassauta fatun ƙananan gangunan. Ringo ya riƙe salo ɗaya tak bai canza ba, kowane zagaye yana ƙarewa da bugu biyu a jere kamar mai tuntuɓe. Mutane da yawa suna ɗauka gangar ma zobe ce. A ɗaukar farko, wadda aka fitar a Anthology 2, faifan tarin tsofaffin ɗaukarsu, a 1996, an yi amfani da zobe. A ta uku, wadda duniya ta sani, hannunsa ne.

Wajen tsakiyar waƙar muryar mawaƙin tana canzawa, ta koma kamar daga nesa tana kaɗawa. Wani mutum ne ya karɓa? (Daga Damagaram)

Shi ne dai. Lennon ya ce yana so ya ji muryarsa kamar ta Dalai Lama, jagoran addinin Buda na Tibet, yana wa'azi daga kan dutse. An ruwaito ma ya kawo shawarar a rataye shi da igiya a rufin sitidiyo a riƙa lilo da shi kewaye da makirufo. Ba a yi hakan ba. Aka bi da muryar ta cikin lasifikar Leslie, wadda aka ƙera don kayan kiɗan coci samfurin Hammond. Akwati ne na katako. A samansa akwai ƙaho mai juyawa da ke fitar da siririn sauti, a ƙasa akwai wani gangan mai juyawa da ke watsa kakkauran sauti, an raba su a wajen hazi 800 (hazi, wato hertz, shi ne ma'aunin kaɗawar sauti a daƙiƙa). In ya yi sauri, ƙahon yana zagaye kusan 400 a minti. Idan bakinsa ya nufo ka murya ta ɗan hau ta ƙara ƙarfi, idan ya juya ta ɗan sauka. Abin da kake ji ke nan in motar asibiti ta wuce ka da jiniya, sai dai nan sau shida ko bakwai a daƙiƙa. Aka kafa makirufo a jikin akwatin aka sake naɗa. Canjin yana zuwa bayan kiɗan tsakiya, wajen minti ɗaya da rabi.

Rabin farko kuma ninka muryar aka yi, ta zama kamar mutum biyu masu murya ɗaya. A zaman wannan faifan ne Ken Townsend, injiniyan EMI, ya fito da hanyar ninka murya da inji na biyu mai ɗan jinkiri, domin Lennon ya ƙi jinin rera abu sau biyu.

Ina da ƙaramin sitidiyo, ina aiki da FL Studio. Ina so in gwada wannan salon da kayan kiɗanmu. Ta ina zan fara, kuma ina ake yin kuskure? (Wani mai haɗa kiɗa daga Kano)

Ɗan'uwa, fara da shimfiɗa. Waƙar gaba ɗaya a kan amon C take zaune. Bes ba ya barinsa, sai dai a ƙarshen kowane layi ana ɗora kod ɗin B-fulat a samansa, ya dawo. Abin da ke gunji a ƙasa tun daƙiƙar farko tambura ce ta Indiya, wadda Harrison ya kaɗa, mai dogon wuya da tsirkiya huɗu da ba a danna su. Kada ka haɗa ta da tamburan sarki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ya san amonta. Kai kana iya samun shimfiɗarka daga goge ko kukuma: a ja amo ɗaya na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka naɗa sau uku, ka jera su suna shiga juna don kada a ji inda baka ya juya. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da hazi 100 zuwa 120 a kanta. In ba ka yi ba, za ta yi karo da bes, wanda C ɗinsa ke wajen hazi 65, ƙasan waƙar ya zama kunu.

Sai ganga. Ka sa gudu wajen 125 a minti, zagaye ɗaya mai bugu huɗu zai ɗauki daƙiƙa 1.92. Salo ɗaya, kada ka ƙawata shi. In da hali a kaɗa da hannu daga farko har ƙarshe, domin 'yar tangarɗar hannu ita ke hana kunne gajiya. Ka danne ta da kwamfuresa sosai, kamar takwas bisa ɗaya. In ka ji gangar ta rasa duka, na'urar tana kamawa da wuri, ka jinkirta kamun zuwa milisakan 10 ko 20. In ka ji ba ta numfashi, sakin ya yi tsawo, ka rage shi har ƙarar ta riƙa dawowa kafin bugu na gaba.

Zobba su ne inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma kuskuren guda biyu ne. Na farko, manhaja za ta so ta daidaita maka kowane zobe da gudun waƙa. Ka hana ta. Daɗin abin shi ne ba sa tafiya tare da ganga. Ka yanka su da tsawon da bai shiga 1.92 ba, misali 1.3 da 2.7 da 4.1, don duk zagaye su faɗo a sabon wuri. Na biyu, in za ka ƙara gudu ka zaɓi hanyar da murya ke hawa tare da gudu, irin ta tef. Hanyar zamani mai riƙe murya a inda take tana kashe abin da kake nema. Ninki biyu mataki takwas ne, ninki ɗaya da rabi mataki biyar, kuma duka biyun suna zama lafiya a kan shimfiɗa. A mahaɗin kowane zobe ka sa shiga-juna na milisakan 5 zuwa 10, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙas a kowane zagaye. Abin naɗa kuwa ba ya ƙarewa: guɗa, kiran mai talla, kukan zabo, luguden mata. Ka bar su duka suna juyawa, ka ɗaga maɓallan da hannu a tafiya ɗaya kana naɗa. Kada ka zana da linzami. Ka yi sau biyar ka zaɓi ɗaya. Fiye da zobe biyu a lokaci guda hayaniya ce.

In kana son na gaske, nemi tsohon kaset mai sukurori biyar. Kaset yana jan santimita 4.76 a daƙiƙa, saboda haka santimita 23 za su ba ka kusan daƙiƙa biyar. Ka buɗe, ka cire tef ɗin duka, ka yanki wannan tsawon da reza a karkace, ka haɗa bakin da siririn salatef ta bayan tef, ba fuskar da ke taɓa kai ba. Ka zagaya shi ta kan ƙananan tayoyin kusurwa da gammo ɗaya. In ya yi tauri mota za ta riƙa nishi, in ya yi sako-sako robar ja za ta tauna shi. Almakashin da ya taɓa maganaɗisu yana barin ƙara a mahaɗi. Don ka tara sauti a kan sauti, rufe kan gogewa da 'yar takardar gwangwani maimakon ka cire shi.

Jitar da ke tsakiyar waƙar a juye take. Hanyar da ta fi ita ce ka juya kiɗan gaba ɗaya, makaɗi ya kaɗa a kan juyayyen, sannan ka mayar da komai daidai. Ka tuna inda ya gama nan ne za a ji ya fara, don haka amon da kake so a shiga da shi, shi zai buga a ƙarshe. Abin da ake tsinka, irin su gurmi da garaya da kuntigi, shi ke ba da sakamako, domin sautinsa yana farawa da ƙarfi ya mutu a hankali, in an juya sai ya taso daga babu ya tsinke farat ɗaya. Algaita ko sarewa in ka juya su kusan ba za ka ji bambanci ba.

Murya: ka kwafe ta, ka jinkirta kwafin da milisakan 25 zuwa 40, ka sa jinkirin ya riƙa ɗan motsi. Ƙasa da 15 za ta yi kamar daga cikin bututu, sama da 70 ta zama amsa-kuwwa. Ka gwada a lasifika ɗaya, domin mafi yawan masu saurarenka da waya za su ji, kuma a nan ne murya biyu kan cinye juna. Sannan otatun, manhajar da ke daidaita murya da amo. Karin waƙar yana taka B-fulat. In ka saita shi a kan C na yau da kullum, zai fizgi wannan amon ya kai B ko A, kuma shi ne gishirin karin. Ko ka saita shi a kan matakan F, waɗanda su ne amon da ake buƙata, ko ka kashe shi. Mu da za a bi tamu, a kashe.

Ɗana yana yawan jin irin waɗannan waƙoƙi. An gaya mini na 'yan ƙwaya ne, kuma in an juya su akwai saƙon ɓoye. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Maraɗi)

Hajiya, rabi gaskiya ne. Wannan waƙar daga ƙwaya ta samo asali, ba wanda ya ɓoye. Kalmar da ake kiran salon da ita, saikedelik, wani likitan ƙwaƙwalwa Humphry Osmond ne ya ƙirƙiro ta a wasiƙunsa da marubuci Aldous Huxley, tana nufin abin da ke bayyana zuciya. LSD kuma Albert Hofmann ya haɗa ta a Basel ta ƙasar Siwizalan a 1938, ya gano aikinta a 1943. Lennon da Harrison sun fara haɗuwa da ita a 1965, lokacin da wani likitan haƙori ya zuba musu a kofi ba da saninsu ba. A shekarar da waƙar ta fito aka haramta ta a Birtaniya da Kalifoniya, kuma dokar NDLEA ta Najeriya ta ambace ta da sunanta. Waɗanda suka yi zamanin sun ga abin da ta yi wa irin su Syd Barrett, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Pink Floyd, ya fita daga ƙungiyar a 1968 hankalinsa ba daidai ba.

Amma sautin da kike ji ba mai maye ne ya haɗa shi ba. Aikin kwana uku ne, 6 da 7 da 22 ga Afrilu, na mutanen da ke auna tef da inci. Jin waƙar kaɗai ba shaida ba ce a kan yaro. Abin dubawa shi ne barcinsa da cin abincinsa da abokansa da kuɗin da ke hannunsa.

Saƙon ɓoye kuwa babu. In kika juya wannan waƙar, jitar za ta dawo daidai, shi ke nan. A wata waƙarsu ta watan nan guda, "Rain", an juya murya a ƙarshe, kuma in aka mayar da ita baitin waƙar ne da aka riga aka ji. Sauran kunne ne: in aka gaya wa mutum abin da zai ji kafin a kunna, zai ji shi.

Wane tasiri ta bari, kuma ya iso nan ƙasar? (Wani malamin makaranta daga Jos)

Ba ita ce ta farko a salon ba. Yardbirds da Byrds sun riga ta fitowa da 'yan watanni, Kinks ma sun gwada shimfiɗar Indiya tun 1965. Abin da ta kawo shi ne waƙar da ba ta da rai a wajen sitidiyo. Revolver ya fito ranar 5 ga Agusta, 1966, Beatles suka yi wasan kuɗi na ƙarshe a Sanfaransisko ranar 29 ga watan, ba su taɓa ko waƙa ɗaya daga faifan ba a wannan zagayen. Daga nan naɗaɗɗen sauti ya zama shi ne aikin, ba hoton aikin ba. Ganga mai salo ɗaya, amo ɗaya a ƙasa, guntayen sauti suna shiga suna fita: wannan shi ne ginin kiɗan rawa na lantarki, kuma ɗan'uwan abin da masu hip-hop ke yi da guntayen da suke yankowa daga wasu faifai, ko da yake su ta wata hanya suka iso. Chemical Brothers sun fito da gadon a fili a "Setting Sun" ta 1996. Phil Collins ya sake rera ta a 1981. A 2012 jaridu sun ruwaito cewa shirin talabijin na Mad Men ya biya kusan dala 250,000 don ya sa asalinta a fitowa ɗaya.

A Najeriya ba za mu ce wannan waƙar ta haifi wani abu kai tsaye ba. Guguwar da take ciki dai ta iso Legas bayan yaƙin basasa. Ƙungiyar BLO, da ta Ofege wadda ɗaliban St. Gregory's da ke Obalende suka kafa, sun fitar da faifai masu jita mai kuka a farkon shekarun 1970, sai dai kunnensu ya fi karkata ga Jimi Hendrix da Santana. Ginger Baker na ƙungiyar Cream ya gina sitidiyo a Ikeja. McCartney da Emerick kansu sun zo a 1973 suka yi Band on the Run a sitidiyon EMI na Apapa. A Nijar kuma Turawa suna kiran jitar Mdou Moctar da Bombino saikedelik, amma maimaici a kan amo ɗaya da ke cikinta daga kiɗan Buzaye ya fito, ba daga Landan ba. Faifan Mdou Moctar na farko ma, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, cike da otatun irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ya yaɗu daga waya zuwa waya.

Na ga nau'i daban-daban a intanet. Wanne zan saurara? (Daga Kumasi)

Fara da na 1966 mai kunne biyu, da abin sawa a kunne, don ka ji zobban suna wucewa. Sannan ka ji mono, wato mai kunne ɗaya, wanda su kansu suka fi zama a kansa. Na 2022 Giles Martin, ɗan George Martin, ya sake haɗa shi da fasahar kamfanin Peter Jackson da ke iya ware kayan kiɗan da aka cusa a layi guda, kuma ganga ta fi fitowa a cikinsa. Ɗaukar farko ta Anthology 2 a hankali take tafiya, kamar a ƙarƙashin ruwa, babu tsuntsaye. In kuma kai mai tara tsofaffin faifai ne, bugun mono na farko a Birtaniya ya fita da wani haɗin da George Martin ya sa aka janye tun ana cikin bugawa. Ana gane shi da lambar XEX 606-1 da aka karce a santsin da ke kusa da tambarin tsakiya, a fuska ta biyu. Sauran duka 606-2 ne zuwa sama.